Kwamfutar matata ta daina hawa intanet, kuma ni ake zargi

Gwaggo, don Allah ki taimake ni, kuma ki taimake ni da wuri, don abin da ke gabana ba ya jira. Na san mutane kan kawo miki matsalar aure, wasu kuma matsalar aiki ko ta 'ya'ya. Tawa ban ma san a wane layi zan sa ta ba. In na ce matsalar kwamfuta ce, na yi ƙarya. In na ce ta aure ce, ita ma kwamfutar tana nan a kan tebur tana kallona.

Ni ma'ajin kaya ne a wani sito na kayan gini. Matata ma'aikaciyar jinya ce, muna da yara biyu. Shekaru ke nan tana karatun ƙarin digiri ta intanet, daga gida, a kan wata tsohuwar kwamfutar tebur da muka ajiye a lungun falo, tsakanin taga da firji. Ta dawo daga asibiti ƙafafu a kumbure, ta watsa ruwa, ta sa abin ji a kunne, ta zauna. Haka muke. Yanzu saura mata abu guda: jarrabawar baka, inda malamai za su zauna ta bidiyo su yi mata tambayoyi. Ranar Alhamis mai zuwa ce. Makarantar ta sa mata wata manhaja ta jarrabawa a kan wannan kwamfutar, an yi mata rajista da ita, an gwada kyamara da komai. Ba a canza na'ura haka nan kawai, sai an rubuta an nemi izini, kuma amsar ba ta zuwa da wuri. Wanda ya rasa zamansa, sai wata shekara.

To ga inda bakina ya ja mini. Makon jiya yayata ta kawo mana ziyara ita da mijinta, daga nesa suka zo. Matata ta gaishe su, ta kawo musu abinci da ruwa, ta ɗan zauna, sai ta nemi uzuri ta koma kan kwamfuta, wai akwai darasin bita da ake yi kai tsaye. A falon nan fa, muna hira ita tana can ta ba mu baya. Yayata kuwa, Allah ya yi ta da baki. Da za su tafi ta ce mini, a gaban mijinta, ashe ni baƙo ne a gidana, mai gidan na gaskiya shi ne wancan da ke kan tebur. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma abin ya yi mini ciwo. Suna fita na juyo na sauke mata. Na faɗi maganganu, amma wadda ta fi muni ita ce na ce wallahi wata rana sai na yanke wa kwamfutar nan intanet in ga ƙarshen karatu. A gaban yara na faɗa. Ta cire abin kunnen, ta dube ni, ta mayar.

Gwaggo, na rantse miki da wanda ya halicce ni, magana ce ta fushi. Ni na ɗauko teburin nan a ka na hau da shi bene. Ni nake kai yara makaranta in ɗauko su duk ranar da take da darasi. Ta yaya zan rushe ginin da da ni aka yi kwaɓin simintinsa?

Ba a yi nisa ba sai ga ranar hutuna. Ina gida ni kaɗai, ita tana asibiti, yara suna makaranta. Aka yi ta wasa da wuta, a kawo a ɗauke, a kawo a ɗauke, daga baya aka ɗauke gaba ɗaya har yamma. Ban taɓa kwamfutar ba, ko ƙura ban share mata ba. Da ta dawo ta kunna, sai kwamfuta ta ƙi hawa intanet. Abin da ya kashe ni shi ne komai na gidan yana hawa. Wayata tana yi, wayarta tana yi, talabijin ma yana yi. Ita kaɗai kwamfutar, wadda na kira sunanta da bakina, ita ce ta tsaya.

Kin ga yadda biri ya yi kama da mutum. Ni na haɗa akwatin waifai ɗin gidan tun farko, ni kaɗai na san kalmar sirrin shiga cikin saitinsa. Kashegari a wurin aiki wata abokiyar aikinta ta gaya mata cewa mai riƙe da wannan kalmar yana iya toshe na'ura guda ya bar sauran, ba tare da kowa ya gani ba. Ta dawo, ta same ni a kicin ina wanke kofi, ta tsaya a bakin ƙofa ta tambaye ni ko ni ne. Ba ta ɗaga murya ba. Na yi rantsuwa, na sake yi, har na fara jin kaina kamar mai laifi saboda yawan rantsuwar. Ta ce to. Shi ke nan abin da ta ce. Gwaggo, da ta zage ni da ya fi mini sauƙi a kan wannan to ɗin.

Bari in gaya miki abin da kwamfutar take yi, ko cikin masu karanta filin nan akwai wanda ya sani. In an kunna ta, kafin ta buɗe sai ta tsaya a kan wani baƙin allo mai farin rubutu, sai an danna wani maɓalli sannan ta wuce. Da ba ta yin haka. In ta buɗe, alamar waifai a cike take, ta nuna ta haɗu. Amma duk shafin da aka buɗe sai ya fito da gargaɗi, wai haɗin ba amintacce ba ne, ya ƙi wucewa. Manhajar jarrabawar kuwa juyawa kawai take yi, daga ƙarshe ta ce ta kasa isa ga makaranta. Har agogon da ke ƙasan allo ma ya haukace, yana nuna wata shekara da ko auren ba mu yi ba. Komai nata dai ya rikice.

Na yi duk abin da na sani. Na kashe na kunna. Na zare filogin akwatin waifai na mayar. Na ɗauko akwatin daga saman kabad na ajiye shi a gefen kwamfutar har suna gogar juna. Na goge sunan waifai ɗin na sake sa kalmar sirri. Na kira kamfanin da muke sayen intanet a wurinsu, bayan sun sa na sha kiɗa na gaji, suka ce layinmu lafiyarsa ƙalau. Maƙwabcinmu na ƙasa ya ce ƙwayar cuta ce ta shiga, a goge komai a sake zubi. Wani a wurin aikinmu ya ce in samu allura in danna ɗan ramin da ke bayan akwatin, zai koma yadda aka sayo shi.

Wannan shawarar ta allura ita ta ƙarasa ni. Shekaranjiya da safe na ɗauka ta shiga wanka, na durƙusa a gaban akwatin da allura a hannu. Ina ɗago kai sai na gan ta tsaye a bayana. Ta tambaye ni me allurar take yi. Na ce tana mayar da saiti kamar sabo. Ta ce wato tana goge duk abin da aka yi a ciki. Gaskiya kuwa ta faɗa. A idonta, mutum ne ta kama yana share sawunsa. Ban danna ba, na ajiye allurar. Amma tun daga lokacin ta ce kada in ƙara taɓa kwamfutar ko akwatin, ta yafa wa kwamfutar zane kamar mara lafiya.

Yanzu gidan ya zama kamar ɗakin jira na asibiti. Gaisuwa ce kawai ke haɗa mu. Da wayarta take bita, tana matse ido a kan ƙananan rubutu, ga gajiyar aiki. Yaran ma sun daina gudu a falo. Babbar ta tambaye ni a hanyar makaranta ko zan mayar wa Mama intanet ɗinta. Na tsayar da mota a gefen titi. Ko 'yata ta yarda ni ne.

Jiya kuma yayanta ya kira ni. Shi ne tun kafin aure ya ce sharaɗinsa guda, kada a tsaya wa ƙanwarsa a kan karatu. Bai yi mini faɗa ba, ya gaishe ni da mutunci, sannan ya ce zai zo ranar Litinin ya ɗauki kwamfutar, ita ma ta zauna a gidansa har ta gama jarrabawa, don hankalinta ya kwanta. Na ce zan yi tunani. Ya ce ba shawara yake nema ba.

Ga abin da ke cin raina. In na hana, na tabbatar da zargi. In na bari suka tafi da ita, aka jona ta a gidansa ta kama aiki, to an gama shari'a, ni ne mai laifi har abada, kuma ban ga abin da zai dawo da matata gidan nan ba. Wani lokacin zuciya takan ce mini, kai ma ka yi fushi mana, shekarun nan duka ba su isa a yarda da rantsuwarka ba? Sai kuma in tuna ni na faɗi maganar.

Gwaggo, me ke damun kwamfutar nan? Kuma ta yaya mutum yake wanke kansa daga abin da ya ce zai yi amma bai yi ba?

Daga Wanda Bakinsa Ya Ja Masa

*

Ɗana, na karanta wasiƙarka, kuma zan fara da abin da ba za ka so ji ba. Matarka ba ta zalunce ka ba. Ka ɗauki kanka ka sa a wurinta: an yi maka barazana da abu, a gaban 'ya'yanka, sannan abin ya faru daidai yadda aka faɗa, a ranar da mai barazanar ke gida shi kaɗai, kuma mabuɗin yana aljihunsa. Ko alƙali ne sai ya dube ka sau biyu. Magana zarar bunu ce. Kai ma ba na cewa ba ka da abin jin haushi. An yi maka ba'a a gaban mijin yayarka, kuma zama da mai karatu yana da nauyin da ba kowa ke gani ba. Amma wadda ta soke ka ta hau mota ta tafi, kai kuma ka rama a kan wadda ta dafa mata abinci.

Ni dai na karkata ga yarda da kai, kuma ba don rantsuwarka ba. Don alamomin da ka lissafa ne. Ban ga kwamfutar ba, saboda haka kada ka ɗauki maganata a matsayin hukunci, amma na nuna wa wanda ke kula da na'urorin ofishinmu bayaninka, kuma tunaninmu ya zo ɗaya. Na'urar da aka toshe daga akwatin waifai ba ta cika yin irin wannan ba. Agogon nan da ka ambata a wuce, shi ya kamata a fara dubawa. A cikin kwamfutar tebur akwai wani ɗan batiri mai faɗin kwabo, aikinsa riƙe kwanan wata idan babu wuta. In ya tsufa, aka ɗauke wuta ta daɗe, sai kwamfuta ta manta ranar da take. Baƙin allon da ke tsayar da ita da farko, sau da yawa ƙorafin da yake yi ke nan. Shafukan intanet kuma suna da takardar shaida mai kwanan wata. Kwamfutar da ke zaton tana wata tsohuwar shekara za ta ga kwanan bai yi daidai ba, sai ta ƙi amincewa, ko da waifai a cike yake.

Ga yadda za a yi, kuma ka lura da kyau: ba kai za ka yi ba. Ta ce kada ka taɓa, to kada ka taɓa. Ka ba ta wannan shafin ta karanta, ka koma gefe ka sa hannuwanka a aljihu. Ta shiga saitin kwanan wata da lokaci, ta gyara shekara da wata da rana da awa da hannunta, ta rufe shafukan ta sake buɗewa. In sun buɗe, an gano ciwon. Sai a kai wa mai gyara ya canza batirin, aiki ne ƙarami, amma a yi shi kafin Alhamis, in ba haka ba wuta na ƙiftawa za a koma gidan jiya. Bayan an canza a sake duba agogon, a buɗe manhajar jarrabawar a tabbatar tana isa makaranta.

In an gyara agogo abin bai tashi ba, sai ta kunna rabon data a wayarta ta haɗa kwamfutar da shi. In ta hau ta nan, matsalar tana tsakanin kwamfutar da akwatin gida, sai a gwada jona su da kebul kai tsaye. In ta nan ma ta ƙi, to ciwon a jikin kwamfutar yake, akwatinka ba shi da hannu, sai a kira mai gyara ya zo gida ya duba a gabanta. Abu biyu na hana. Kada a danna ramin nan da allura yanzu, don zai goge abin da kai kanka kake buƙata a gani. Kuma kada kowa ya goge kwamfutar ya sake zubi, komai yawan bakin maƙwabci, don manhajar jarrabawar da rajistarta za su iya tafiya tare.

Ko agogon ne ko ba shi ba ne, yau ɗin nan ka rubuta mata kalmar sirrin saitin akwatin. Ta shiga da kanta, ko ita da yayanta, su duba jerin na'urorin da aka toshe. Daga nan ta canza kalmar zuwa wadda ta ga dama, in ta so ta gaya maka, in ba ta so ba ta bari. Tun ranar da ta tambaye ka a kicin ya kamata ka yi wannan maimakon rantsuwa. Rantsuwa tana neman a yarda da kai, buɗe saiti kuwa yana ba ta damar gani da idonta. Ita kuma, 'yata, in kina karantawa, ki rubuta wa makaranta yau ki sanar da su na'urarki ta samu matsala, ki tambayi abin da suka tanada in ta ƙi tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Batun zuwa gidan yayanta, kada ka hana, kada kuma ka tsaya kana kallo a zo a ɗauka. In har zuwa Litinin hankalinta ya fi kwanciya da can, kai za ka naɗe wayoyin kwamfutar, ka sa ta a mota, ka kai su, ka gaishe da yayanta, ka ce yara suna wurinka kada ta damu. Na san tsoronka, kada ta kama aiki a can a ce an kama ka. Shi ya sa na ce a buɗe saitin kafin a fita da ita daga gidan. Amma ko da abin zai juya maka baya, ka tambayi kanka wanne ya fi: ta ci jarrabawa tana zarginka, ko ta rasa shekara guda kana da gaskiya? Na farkon ana gyara shi a hankali. Na biyun, ko an wanke ka, ɗacinsa zai zauna a gidan.

Sai kuma gargaɗi, don na san halin 'ya'yana maza. In aka gyara agogo shafi ya buɗe, kada in ji ka ce ai na gaya miki. Kada ka tsaya jiran a ba ka haƙuri. Batiri zai wanke ka daga aikatawa, amma ba zai wanke ka daga faɗa ba. Wannan sai da bakinka. Ka tara yaran, tunda a gabansu aka yi, ka ce Baba ya faɗi magana marar kyau cikin fushi, karatun Mama abin alfaharin gidan nan ne. Ka faɗa a taƙaice, ba tare da amma ba. Yayarka kuma ka kira ta a keɓe, cikin girmamawa, ka ce irin wannan wasan ya tsaya haka. Abin da ke damunka na rashin lokacinta gaskiya ne, kuma kana da haƙƙin faɗa, amma ka ajiye shi sai an sauke wannan kayan, sannan ku zauna ku biyu.

Ita ma ina da kalma guda gare ta. 'Yata, in kin duba kin ga babu abin da aka toshe, ki faɗa masa kin gani. Mutum yana iya jure fushi, amma zama da wanda ba ya yarda da shi yana cinye shi a tsaye.

Ranar Alhamis ka nemi hutu a wurin aiki. Ka cika wayarta da data da caji ka ajiye mata a gefe ko da layi zai yi gardama, ka nemo abin da zai riƙe wa kwamfutar wuta ko da aro ne, ka kwashe yara ku fita don ta samu shiru. Kada ka yi ta kira kana tambaya. In ta gama, wanda ta fara kira, shi ne amsar tambayarka ta biyu, kuma ina kyautata zaton wayarka ce za ta yi ƙara.

Allah ya ba ta sa'a, ya sanyaya muku gida, kai kuma ya sa wa bakinka linzami.

Gwaggonku